Rigunan da Doña Zoraida Ba Ta Mayar Ba

Duk wanda ya taɓa kai wa Doña Zoraida Mallqui kaya a Gamarra, babbar kasuwar tufafi ta birnin Lima, ya san ba a zuwa wajenta da gaggawa. Shagonta ɗan ƙarami ne, a hawa na huɗu can ƙuryar bene. A nan take buga rubutu da zane a kan riguna masu gajeren hannu: na 'yan makaranta masu gama aji, na 'yan ƙwallon unguwa, na ma'aikatan gidajen gasa kaza. Ba ita ke ɗinka rigunan ba. Saye take yi zalla, ba a rubuta musu komai ba, ta buga abin da aka ce ta buga, sannan ta ɗinka ɗan ƙyalle mai sunanta a bayan wuya. Ɗan ƙyallen nan bai kai faɗin yatsa biyu ba, amma shi ya hana ta zaman lafiya da rabin telolin Lima.

In ka sauke mata ɗauri ba ta ɗaukar ta sama, ta san don ido aka ɗora ta. Hannu take zurawa can tsakiya ta zaro ɗaya. Ta ɗaga ta saitin fitila ta ga ko haske na ratsa yadin. Ta sa yatsu a wuyan ta ja, ta saki, ta tsaya tana kallo ko zai koma yadda yake ko zai tsaya hangame. Ta juya cikin waje ta bi ɗinkin kafaɗa da farce. Har shinshinawa take yi, wai rinin banza wari gare shi. Duk wannan fa share fage ne. A gida ake yanke hukunci: ta tafi da rigar, ta wanke ta da ruwan zafi, ta shanya a kan rufin gidanta. Ga garin namu rana sai ta ga dama take leƙowa. Riga na can tana jiran bushewa, kai kana nan kana jiran riga.

"Haba Doña Zoraida, riga ce fa, ba surukin da za ki ba 'yarki ba!" in ji masu kawo kaya.

"Suruki in ya lalace sunan ubansa zai ɓata. Wannan sunana za ta ɗauka ta shiga gari da shi. Kwashe kayanka, wuyan nan ya saki tun kafin a sa."

Ba a makaranta ta koyi wannan ba. Tana budurwa ta sauko daga ƙauyensu na cikin duwatsun Huancavelica, ta fara kasa safa a kan leda a bakin titi, ido ɗaya a kan mai saye, ɗaya a kan ma'aikatan hukuma masu kwashe kaya. Daga safa ta koma riguna. Ta auri Fortunato, wanda ya iya bugun zane a riga, suka kama shagon nan tare. Shi mai raha ne, ita mai tsaki. Da ya rasu sai rahar ta bi shi, tsakin ya zauna.

Mutum ɗaya ne tak ba ta taɓa mayar wa da kaya ba, Don Eleuterio Pariona. Ƙauyensu ɗaya. Shi ya riƙe 'yarta Yesenia ranar baftisma, shi ya fara sa almakashi a gashinta ranar askin farko. Tun daga ranar ya zama kompadre, ita komadre, ba wanda ya ƙara kiran sunan wani gatsal. Kowa ya san kompadre ya fi ɗan'uwa nauyi, don da ɗan'uwa kana iya zage-zage da safe ku ci abinci tare da rana, kompadre kuwa ko murya ba a ɗaga masa. Ranar jana'izar Fortunato shi ya ɗauki kan akwatin, shi kuma ya tsaya mata har ta miƙe. Ga shi tela na gaske. Shekara da shekaru rigunansa in ta wanke su sai su fito kamar ba a taɓa su ba. Wankin ma don sabo kawai take yi.

To, wata safiya ta hau rufi ta sauko da rigarsa daga igiya, ta shimfiɗa a kan tebur, sai ta ga ɗinkin gefe ya baro gefe. Ya murɗo ta gaba har ya kusa tsakiyar ciki. Ta ja shi, ya koma. Ta sa dutsen guga ta danne, ya koma. Ta ce a ranta ƙila wannan ce kawai aka yi kuskure, ta wanke ta biyu. Haka. Ta uku ma haka. Ta zauna a bakin gado da riga a cinya tana tsaki ita kaɗai.

Ba sai an gaya mata dalili ba. Irin wannan yadin in an warware shi daga bandir a takure yake, sai an shimfiɗa shi ya kwana ya saki jiki kafin a sa masa almakashi. In an yanka shi da zafi-zafi, sabuwar riga za ta fito tas, ba mai gane komai, sai ta ji ruwa sannan ta nuna halinta. Shi kuwa Don Eleuterio bai daɗe da sakin babban ɗakin da dogon teburinsa yake ba, haya ta yi masa tsada. Yanzu wasu samari yake kai wa yanka, masu yi wa teloli barkatai, waɗanda ba su da lokacin jiran yadi ya huta. Tela kuma ba ya wanke abin da ya ɗinka. Shi kansa bai taɓa sa irin rigar ba, kullum cikin mai maɓalli yake, an ɗame har wuya.

Ta shirya maganar tsaf. A cikin mota ta maimaita ta, a kan bene ma ta maimaita. Ƙarshen wata ya zo, ta jiyo takunsa yana hawowa a hankali, ɗauri a baya, yana haki. Ya sauke, ya share gumi, ya zaro ƙullin cuku daga aljihun kwat, saƙon matarsa, ya ajiye mata.

"Komadre, barkanku da aiki. Wannan daga gida aka kawo, Basilia ta ce lallai in kawo muku rabonku."

"Kai, kompadre, ba kwa gajiya? Ku zauna ku huta. Ya komadre Basilia da gwiwa?"

"Gwiwa sai haƙuri. Ku duba kayan mana, na san hannunku ƙaiƙayi yake yi."

Ta zaro ɗaya, ta ɗaga, ta ja wuya. Wuya lafiya lau, ɗinki kamar an ja shi da ma'auni. Yana kallonta yana murmushi irin na wanda ya san aikinsa. Ta yi niyyar faɗa. Ta dubi furfurarsa, ta dubi cukun, sai ta ji bakinta yana cewa, "Aiki ya yi kyau, kompadre."

Yana sauka ta jefa rigar ƙasa. Matar da ta sa ƙattin maza sauka bene da kaya a ka suna gunaguni, yau ga ta ta kasa furta kalma biyu!

Abin da ta yi bayan nan ya fi muni. Ta yaudari kanta cewa ƙila wancan bandir ɗin ne kawai, ta ɗauki sabon ɗaurin ba wanki ta buga wa 'yan dakon kasuwar dankali rigunan ƙwallo. Ba a jima ba kyaftin ɗinsu, wani ƙato mai murya kamar ganga, ya hawo sanye da tasa. Ya tsaya a tsakiyar baranda inda kowa zai gani, ya buɗe hannuwa. Lambar da aka buga masa a baya ta zagayo tana leƙen hammata.

"Uwata, ki duba min! Ni ne na karkace ko rigar? Alƙalin wasa sai ya zagaya ni kafin ya san wa zai ba kati!"

Duk hawa na huɗu ya kwashe da dariya. Telolin da ta daɗe tana kora har da leƙowa daga bene na ƙasa. Ta karɓi rigunan, ta sake musu wasu da kayan wata tela 'yar garin Puno da ke hawa na biyu. Da aka tambaye ta wa ya ɗinka na farkon, ta ce ta manta.

Yesenia, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta ji labari ta zo gida da yamma ta tarar da uwar tana yanka albasa kamar da ita suke faɗa.

"Mama, ki faɗa wa Baba Eleuterio mana. Mene ne a ciki? Ki ce yanka ne ya ɓaci, ya gyara, shi ke nan."

"Shi ke nan, ko? Da yake ke a asibiti kin saba gaya wa mutane baƙin labari. In dubi mutumin da ya ɗauki gawar ubanki in ce masa kayansa ba su da kyau? Da wane bakin?"

"Da wanda kike gaya wa kowa."

"Kowa ba kompadre ba ne!"

"To ni bari in gaya masa."

Doña Zoraida ta ajiye wuƙa ta nuna ta da yatsa. "Ki kuskura. Ki kuskura ki gani. Yarinyar da ya riƙe a hannu tana tsala ihu a coci, ita ce za ta koya masa ɗinki?"

Sai ta ɓullo da dabarar da a ganinta ba wanda zai ji ciwo. Aikin shago ta mayar da shi kan kayan 'yar Puno, tana ɓoye su a ƙarƙashin tebur duk ƙarshen wata. Shi kuma kompadre ya kawo nasa, ta karɓa hannu bibbiyu, ta biya shi, ta yaba. Da ya tafi ta kira mai amalanke a kai su gida, a jibge a ɗakin da Fortunato yake ajiye kayan aikinsa. Ta ce na ɗan lokaci ne, zai gane da kansa.

Bai gane ba. Ta yi ta zagaye-zagaye har ta gaji. Wata rana da ta san zai zo ta sa ɗaya daga cikin wankakkun, ta yi ta kai da komo a gabansa, tana miƙa hannu sama wai tana ɗauko fenti, ɗinki na kwance ɓaro-ɓaro a kan cikinta. Ya ƙanƙance ido ya dube ta da kyau.

"Komadre, kun rame ne? Riga sai yawo take a jikinku. Ku riƙa cin abinci, don Allah."

Kamar ta fashe. Wani zuwan ta ce, "Kompadre, har yanzu samarin nan ke yi muku yanka?"

"Su ne. Yara masu zafin nama! Ka kai da safe, kafin ka sha shayi sun gama."

"Ai saurin ne."

"Shi ake nema yanzu, komadre. Duniya ba ta jiran kowa."

Ta koma gida ranar tana zaginsa a zuci, tsohon banza da ba ya jin hannunka-mai-sanda, daga baya ta dawo tana zagin kanta. Ɗaki kuwa sai cika yake. Ta kasa sayar da su ko a bakin titi ba tare da sunanta ba, don hannunta ba zai miƙa wa mutum abin da ta san zai murɗe ba. Ta kasa bayar da su kyauta a coci, kada wani ya gane ɗinkin ya kai labari. Ko tsumman goge ƙasa ta kasa yi da su, wai aikin kompadre ne. Kullum ta wuce ƙofar ɗakin sai ta ji ranta ya ɓaci, ta ja tsaki, ta wuce.

Ana haka shi ma ya fara sauyawa. Kwat ɗin ta yi masa yawa. Hawan bene sai ya tsaya a kowane hawa. Wata rana ya zauna a kan kujerar shagon yana juya hula a hannu.

"Mutane sun guje ni, komadre. Mai shagon ƙasa ya daina karɓa. Na garin Arequipa ma ya daina ɗaga waya. Ba wanda ya ce min ga laifina, sai dai 'za mu neme ka.' Ina jin kayan wajen nan ne masu arha, su suka kashe mu."

Ƙofa ce a buɗe, Allah ya sani. Da ta ce kalma ɗaya da an wuce wajen. Amma yanzu abin ya ƙara nauyi, don in ta faɗa sai ya tambaya tun yaushe ta sani. Ta kawar da kai tana gyara gwangwanayen fenti da ba su buƙatar gyara.

"Haka ne, kompadre. Kayan waje sun cika kasuwa."

"Ku dai Allah ya saka muku. Ku kaɗai kuka rage min."

Watan da ya biyo baya bai zo ba, ya aiko cewa ba ya jin daɗi. Kunya ce a faɗa, amma har sauƙi ta ji a ranta.

Ranar tunawa da rasuwar Fortunato ta zagayo. Aka yi addu'a a coci da hantsi, aka ɗunguma gidanta cin abinci kamar kowace shekara. 'Yan ƙauyensu sun zo da yawa fiye da yadda ta zata, wasu a tsaye da faranti a hannu. Tana kicin tana zuba farfesun kaza ta jiyo muryar Don Eleuterio yana cewa, "Ku dakata, akwai dogon benci a ɗakin marigayi, ni na san inda yake." Kafin ta ajiye ludayi ta ratso mutane, ya riga ya tura ƙofa.

Ta same shi a tsaye a tsakiyar ɗakin. Ɗauri a kan ɗauri har sun rufe rabin taga, kowanne da igiyar ƙyallen da yake ɗaurewa da hannunsa, ba a ko kwance ba. Ya dafa na kusa da shi. Ya ɗaga kai ya bi su da kallo har sama. Ta maida ƙofa ta jingina da ita.

"Komadre," ya ce a hankali, "waɗannan nawa ne."

"Naku ne, kompadre."

"Me suka yi?"

Ba sauran wurin ɓuya. Ta jawo wankakkiya ɗaya daga bayan ƙofa ta miƙa masa. Ya kai ta bakin taga, ya kama kafaɗu biyu ya sake ta ta rataya. Idonsa ya yi rauni amma yatsunsa ba su yi ba. Ya bi ɗinkin daga hammata, ya ji yadda ya bar hanya ya nufi ciki. Ya tsaya cak.

"Ba su bar yadin ya huta ba," ya ce.

"Ba su bari ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da kuka saki babban ɗakin."

Ya gyaɗa kai. Ta so ya yi ihu. Ta so ya jefa mata rigar a fuska yadda ta sha yi wa wasu, ko ya kira sunanta gatsal sau ɗaya a rayuwa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ninke rigar a kan ƙirjinsa, hannu ciki, hannu ciki, ya daidaita wuya.

"Abin da a tsakar gidana zan iya yi," ya ce. "In shimfiɗa a ƙasa ya kwana, da safe in kai musu. Abin bai fi haka ba." Ya shafa rigar. "Basilia ta sha ce min, Eleuterio, a duba kayan nan, mutane ba sa gudu haka kawai. Ni kuma in ce mata ki rufe min baki. In da aibu ko na ƙwayar zare ne, komadre Zoraida za ta faɗa, duk Gamarra ba mai hannunta, ga shi kuwa tana karɓa tana yabawa."

"Kompadre, nauyinku na ji. Ban san ta inda zan fara ba. Amma ai bai ɓaci ba, gobe ma sai mu..."

"Na sayar da kekunan ɗinkin, komadre. Makon jiya aka zo aka kwashe. Yaran da ke min ɗinki ma na sallame su. Na bari ne sai an gama addu'ar marigayi in gaya muku, don kada in ɓata muku rana. Ina ta tunanin yadda za ku yi, wa zai riƙa kawo muku kaya."

Ya ɗora rigar a kan ɗaurin, ya sunkuya ya janyo bencin daga ƙarƙashin kayan, ya share ƙurar da hannun kwat ɗinsa. Ta matsa ta buɗe masa ƙofa, ya fita da shi a kafaɗa.

Ta daɗe a tsaye tsakanin rigunan. Tana jiyo shi a waje yana cewa a matsa, a ba tsofaffi wuri, yana tambayar wa bai samu cokali ba. Can ya dawo ya ƙwanƙwasa ƙofar da ladabi, bai shigo ba.

"Komadre, ku fito. Mutane na jira, farfesun zai huce."